Me ya sa ɓawon kumba ba ya marmashewa kamar alli, kuma yaya ake kwaikwayonsa?

Tambaya: Ni ɗalibin kimiyyar sinadarai ne. Na ji ana cewa masana suna haɗa abubuwan da ake samu a jikin halittu, irin su ɓawon jatan lande da siliki da sitaci, da ma'adinai irin su alli da yumɓu, su fitar da kaya masu ƙwari ta hanyar kwaikwayon ɓawon kumba da ƙashi. Na kwaɓa garin alli da ruwan ƙaro na shanya, da ya bushe ina matsa shi ya marmashe. Ina matsalar take? Kuma da gaske irin waɗannan kaya za su maye gurbin roba da siminti?

Amsa: Ɗan'uwa, kayan haɗinka ba su da laifi. Alli kalsiyam kabonet ne, kuma shi ne dai abin da ke cikin ɓawon kumba. Ƙaro kuwa doguwar sarƙar sukari ce da itace ke fitarwa, dangin abin da dabbar da ke cikin kumba ke amfani da shi ne. Abin da ya raba naka da nata shi ne kai kwaɓawa ka yi, ita kuwa jerawa take yi. Duk wannan fanni, tun daga shekarun 1970 zuwa yau, a kan neman hanyar jerawar yake, ba a kan neman wani sinadari na ɓoye ba.

Ka samo ɓawon kumbar kogi ka juya cikinsa. Wannan shimfiɗa mai sheƙi da ke sauya launi idan ka karkata ta a rana, ita ce ake kira uwar lu'ulu'u, don da ita ake gina lu'ulu'un kansa. Wajen kashi 95 cikin 100 na nauyinta aragonait ne, wani nau'i na kalsiyam kabonet mai gautsi ƙwarai. Ragowar kashi 5 ɗin kaitin ne, wato sarƙar sukari mai ƙwari irin ta ɓawon jatan lande, da sunadarai na furotin masu kama da siliki. Idan aka fasa ta aka duba da madubin lantarki mai girmama abu, sai a ga aragonait ɗin ba dunƙule ba ne. Ƙananan fallaye ne, kaurin kowanne kimanin rabin maikiron (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), faɗinsa maikiron 5 zuwa 10. Sai an ɗora sama da ɗari kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. An jera su sahu-sahu yadda magini ke jera bulo, gaɓar sahun sama ba ta faɗa kan ta ƙasa ba, kuma a tsakaninsu akwai siririn laushi na sunadari da kaitin a matsayin kwaɓin da ke riƙe su, wanda kaurinsa bai wuce 'yan gomomin nanomita ba (nanomita dubu ne maikiron ɗaya).

John Currey na Jami'ar Yok a Ingila ya auna ƙarfin wannan shimfiɗa a 1977, sannan a 1988 Jackson da Vincent da Turner suka nuna cewa kuzarin da ake bukata a raba ta biyu ya ninka na tsantsar aragonait kusan sau 3,000. Wannan adadi yana yawo sosai, kuma mutane suna fahimtarsa a karkace. Ba wai ta fi ƙarfe ƙarfi ba ne. Ƙarfin da take ɗauka kafin ta tsinke yana tsakanin megafaskal (ma'aunin ƙarfin ja) 140 idan tana jiƙe da 170 idan ta bushe, ƙasa da na ƙarfen rodi nesa ba kusa ba. Abin mamakin shi ne an ɗauki abu mai gautsi irin alli, an ƙara masa ɗan kashi 5 kacal na abu mai laushi, a cikin ruwan sanyi, ba wuta ba matsi, ya fito da taurinsa bai ragu sosai ba amma gautsin ya tafi. A kayan da muke ƙerawa tauri da gautsi tare suke zuwa: gilashi da tangaran suna da tauri amma tsaga ɗaya ta gama da su, roba ba ta fashewa amma ba ta da tauri.

To me ke faruwa idan tsaga ta shiga? A cikin allinka, tsaga tana samun hanya miƙaƙƙiya, duk ƙarfin da ka sa yana taruwa a bakinta, sai ta ruga ta fita ɗaya gefen. A cikin ɓawon kumba kuwa, tana tafiya rabin maikiron sai ta ci karo da laushi. Hanyar da ta fi mata sauƙi ita ce ta juya ta bi gefen fallen, ta zagaya, ta sake cin karo da wani. Kowace kwana tana cinye mata kuzari. Wannan na farko ke nan. Na biyu ya fi shi muhimmanci: maimakon fallayen su karye, zamewa suke yi a kan juna. Kuma ba su da santsi sosai. Fuskarsu tana da ƙananan ƙuraje, akwai siraran gadoji na ma'adini da suka haɗa wani falle da wani, sannan kaurin fallen yana ɗan ƙaruwa wajen bakinsa. Saboda haka da falle ya fara zamewa sai ya ƙara cijewa, ya ƙi ci gaba, dole zamewar ta koma kan maƙwabcinsa. A haka ɓarnar take bazuwa a kan dubban fallaye maimakon ta taru wuri ɗaya. Idan ka lanƙwasa jiƙaƙƙen yanki a hankali za ka ga wurin ya yi fari kafin ya karye, wannan farin ƙananan gibi ne da suka buɗe tsakanin fallayen da suka zame. Na uku, sunadarin kansa a nannaɗe yake, idan aka ja shi sai ya riƙa warwarewa gaɓa-gaɓa kafin ya tsinke. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Babara suka nuna haka a 1999.

Akwai sharaɗi a nan da yawancin masu fara wannan aiki suke tsallakewa. Dole mahaɗar da ke tsakanin ma'adini da laushin ta kasance tsaka-tsaki. Idan ta yi rauni da yawa, fallayen za su zare ba tare da sun ɗauki wani nauyi ba. Idan ta yi ƙarfi fiye da kima, ba za su zame ba, karyewa za su yi, gautsi ya dawo. Haka kuma tsawon falle idan aka gwada da kaurinsa: wanda ya cika tsawo karyewa yake yi, wanda ya cika gajarta zarewa yake yi a banza. Garin allinka ƙwayoyinsa dunƙulallu ne marasa tsari, ƙaron bai rufe su duka ba, kuma da ruwan ya ƙafe sai ya bar ramuka a ciki. Kowane rami tsaga ce da ke jiran a taɓa ta.

Ƙashi ma haka yake, sai dai da wasu kayan. Kimanin kashi biyu bisa uku na nauyinsa ma'adinin haidiroksi-afatait ne, wato kalsiyam fosfet, ragowar kolajin, wato zaren furotin mai laushi, da ruwa. Za ka iya raba su a gida ka gani. Jiƙa ƙashin cinyar kaza a ruwan binega na kwanaki, kana sauya ruwan: ma'adinin zai narke, ƙashin ya riƙa lanƙwasuwa a hannunka bai karye ba. Ɗauki wani ka ƙona shi a garwashi har ya yi fari: kolajin ya tafi, siffar tana nan, amma da ɗan matsi zai zama gari. Wasu halittun sun fi haka ma. Haƙoran wata ƙaramar katantanwar teku da ke kankarar duwatsu zaren ma'adinin ƙarfe ne a cikin kaitin, kuma a 2015 Asa Barber na Jami'ar Fotsmos ya auna musu ƙarfin da ya kai wajen gigafaskal 5, wato megafaskal 5,000, wanda ya haura na yanar gizo-gizo. Akwai kuma wani dangin jatan lande mai fasa ɓawon wasu halittu da naushi, wanda David Kisailus da abokan aikinsa suka bincika a 2012. A cikin gudumarsa zaren kaitin shimfiɗa-shimfiɗa ne, kowace shimfiɗa ta ɗan juya kaɗan daga ta ƙasanta, don haka tsaga ba ta iya tafiya sai tana murɗawa.

Yanzu ga yadda ake kwaikwayo. Hanyar da ta fara nuna abin zai yiwu ita ce ta ɗora shimfiɗa ɗaya bayan ɗaya. A 2003 ƙungiyar Nicholas Kotov ta yi amfani da yumɓun montmorilonait, wanda ya samo sunansa daga wani gari a Faransa kuma shi ne jigon abin da ke cikin bentonait. Idan wannan yumɓu ya sha ruwa sosai yana rarrabuwa zuwa fallaye masu kaurin nanomita 1, fuskarsu ɗauke da cajin lantarki mara kyau, wato negatif. Sai a tsoma gilashi a ruwan folima, wato sinadari mai doguwar sarƙa, mai caji mai kyau, wato fozitif, a ɗauraye, a tsoma a ruwan yumɓu, a ɗauraye, a maimaita. Jerin da ake samu yana da kyau matuƙa. A 2007, a Jami'ar Mishigan, sun yi zagaye 300 suka samu falle mai haske da ƙarfi sosai, amma kaurinsa bai fi na ledar naɗe abinci ba. Ka lissafa zagayen da za a yi kafin a samu kaurin katako. A 2008 kuma Bonderer da Studart da Gauckler a Zurik ta ƙasar Suwizalan suka jera fallayen alumina, wani ma'adini mai tauri, tsakanin shimfiɗun kaitosan, wanda daga kaitin ake samar da shi, suka samu abin da ke da ƙarfi kuma yana miƙewa kafin ya tsinke. Shi ma siriri ne.

Hanyar da ni na fi so, don tana da dabara kuma ba ta da tsada, ita ce ta ƙanƙara. Sylvain Deville da Eduardo Saiz da Antoni Tomsia suka fito da ita fili a 2006 a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley a Amurka, daga lura da yadda ruwan teku ke daskarewa. Idan ka sanyaya ruwa mai gari a ciki daga gefe ɗaya kawai, a ce daga ƙasa, ƙanƙarar ba ta yarda da baƙo. Tana tasowa a matsayin siraran bangaye a jere, tana ture garin zuwa tsakaninsu. Bayan ya daskare duka sai a sa a na'urar da ke busar da ƙanƙara ba tare da ta narke ba. Abin da ya rage shi ne bangayen garin a jere da gibi a tsakani, ƙanƙarar ta yi aikin jerawa ta tafi. Saurin sanyayawar shi ke yanke kaurin bangayen: idan ka yi sauri su fito sirara. Daga nan a gasa bangayen su haɗe, a matse, a cika gibin da folima. A 2008 Saiz da Tomsia tare da Robert Ritchie sun yi haka da alumina da robar akirilik, suka samu juriyar tsaga da ta ninka ta kayan haɗin wajen sau 300 ta fuskar kuzari.

Wanda ya fi kusa da abin da ka tambaya, wato kayan halitta zalla da ma'adini, shi ne aikin ƙungiyar Shu-Hong Yu a jami'ar kimiyya da fasaha ta ƙasar Sin da ke birnin Hefei, a 2016. Sun bi tsarin dabbar kanta, wadda take fara kafa firam na kaitin sannan ta cika shi. Sun daskarar da ruwan kaitosan suka samu firam mai shimfiɗu, suka mai da shi kaitin don kada ya narke, sannan suka yi ta zagaya ruwan kalsiyam baikabonet ta cikinsa da famfo, an ƙara masa maganiziyam da wata folima mai tsami. Waɗannan biyun aikinsu su hana ma'adinin saurin ƙanƙamewa a waje ya toshe ƙofa, kuma maganiziyam yana karkata shi ya fito aragonait maimakon kalsait, wani nau'in kalsiyam kabonet na daban. Da firam ɗin ya cika sai suka shigar da sunadarin siliki suka matse da ɗan zafi. Abin da ya fito wajen kashi 91 ne ma'adini, kaurinsa milimita ɗaya zuwa biyu, kuma cikin makonni biyu aka gama, alhali dabbar watanni da shekaru take ɗauka. Dabarar jinkirta ƙanƙamewa ta girmi wannan aiki. Laurie Gower ta nuna tun 2000 cewa ɗan folima mai tsami yana riƙe ma'adini a matsayin ɗigo mai kama da ruwa, wanda ke iya tsotsuwa cikin ƙananan gibi kafin ya taurare, kuma da ita ake shigar da kalsiyam fosfet cikin zaren kolajin a ɗakin gwaji.

Akwai kuma masu barin ƙwayoyin bakteriya su yi aikin. Wata mai suna Sporosarcina pasteurii tana farfasa yuriya, ruwan ya koma alkali, kalsiyam kabonet ya zauna ya manne yashi. Kamfanin Biomason da aka kafa a Amurka a 2012 yana yin tayil ta hanyar ƙwayoyin halitta, kuma a 2019 ƙungiyar Anne Meyer ta Jami'ar Rocesta ta sa nau'i biyu na bakteriya suna karɓa-karɓa, ɗaya ya shimfiɗa ma'adini ɗaya ya shimfiɗa folima. Sai dai hanyar yuriya tana barin amoniya, wadda sai an san inda za a kai ta.

Hanyar da za ka iya gwadawa a ɗakin gwajin jami'a ita ce ta tacewa, wadda Andreas Walther da abokan aikinsa a Finlan suka bayyana a 2010, Shu-Hong Yu ma ya yi irinta da kaitosan a shekarar. Kaitosan daga ɓawon jatan lande ko ƙaguwa ake yin sa: a cire ma'adinin da ruwan haidirokulorik mara ƙarfi, a cire sunadarin da ruwan soda mai ci mara ƙarfi, abin da ya rage kaitin ne, sai a dafa shi a soda mai kauri, kashi 40 zuwa 50, ya zama kaitosan. Wannan matakin na ƙarshe yana ƙona fata da ido, kada ka yi shi babu safar hannu da tabarau da malami a kusa. Kaitosan yana narkewa a ruwan asetik na kashi 1 zuwa 2, ya ɗauki caji mai kyau. A gefe guda ka dama bentonait tsararo, kamar giram 5 a lita ɗaya, ka bar na'ura tana juya shi kwanaki, ka bar manyan ƙwayoyi su kwanta ka tsiyaye na sama. Mafi yawan bentonait da ake haƙowa a Nijeriya na kalsiyam ne, ba ya rarrabuwa sosai sai an sauya shi da sodiyam kabonet, ka kiyaye da wannan. Sannan ka ɗiga ruwan yumɓun cikin na kaitosan a hankali kana juyawa, don kowane falle ya samu rigarsa. Idan ka zuba gaba ɗaya guda-guda zai yi, ka koma gidan jiya. Ka tace a kan matata da na'urar zuƙo iska. Yayin da ruwa ke janyewa fallayen suna kwantawa a kan fuskarsu da kansu, ka samu falle mai lanƙwasuwa wanda idan ka kai masa wuta baƙi zai yi amma ya riƙe siffarsa.

Batun maye gurbin roba da siminti kuwa, ina ganin a rage buri. Matsaloli biyu ne har yau ba a gama da su ba. Ta farko kauri. Jerawa a siririn falle abu ne mai sauƙi, amma da an nemi kaurin santimita sai ruwa ya ƙi fita daidai, fallaye su karkace, ramuka su shiga. Siminti kuwa wajen tan biliyan 4 duniya ke yi a shekara. Gaskiya ne ana gasa shi a zafin digiri 1,450 kuma yana fitar da wajen kashi 8 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa, abin da ya sa ake sha'awar abin da ke ginuwa a ruwan sanyi, amma tazarar da ke tsakanin milimita biyu a ɗakin gwaji da tirelar siminti ba ƙarama ba ce.

Ta biyu ruwa, kuma ita ta fi damuna, don rahotanni da yawa a busasshen yanayi ake auna su. Kaitosan da sitaci da selulos da ƙaro duk masu son ruwa ne. Da danshi ya yi yawa sai su kumbura su saki, ƙarfin fallen ya faɗi ƙasa warwas. Abin dariyar shi ne a ɓawon kumba ruwa taimako yake yi, shi ke sa laushin ya bar fallaye su zame, busasshen ɓawo ya fi jiƙaƙƙe gautsi. Dabbar ta ɗaure sarƙoƙinta da juna yadda suke shan ruwa daidai gwargwado ba su narke ba. Mu kuma muna neman abin ɗaurewa: gulutaraldehaid yana aiki amma guba ne, kalsiyam yana ɗaure aljinet ɗin da ake samu daga ciyawar teku, sannan akwai tanin na itatuwa.

A kan tanin ɗin nan maginan gargajiya na ƙasar Hausa suna da abin faɗa. Makuba da ake jiƙawa daga ɓawon ɗorawa a kwaɓa yaɓe ko daɓe da ita cike take da tanin, kuma don hana ruwa cin jiki ake sa ta. Laso kuwa katsi ne na karofi da gashin jima da dafara: ma'adini, zare, da abu mai yauƙi. A ƙasar Sin ma maginan zamanin daular Ming sun riƙa kwaɓa farar ƙasa da kunun shinkafa mai danƙo, kuma binciken Zhang Bingjian na Jami'ar Zhejiang a 2010 ya nuna sitacin ne ke sa ƙwayoyin kalsiyam kabonet su fito ƙanana a matse. Waɗannan ba su da jerin ɓawon kumba, don haka kada a ce abu ɗaya ne, amma sun shafe ɗaruruwan damuna, jarabawar da yawancin kayan ɗakin gwaji ba su zauna ba tukuna. Ɗalibin da ya auna abin da makuba ke yi wa fallen kaitosan da yumɓu a cikin danshi ya yi aikin da ya fi maimaita na Turawa amfani.

Inda waɗannan kaya suka riga suka samu gindin zama wurare ne da ba a bukatar kauri ko yawa. Siririn shafe a kan takardar ƙunshe abinci yana hana iskar oksijin shiga, don dole ta zagaya kowane falle. Shafen hana gobara a kan soso da katako ma haka. Sai likitanci, inda ake amfani da haɗin kolajin da haidiroksi-afatait wajen cike gibin ƙashi, kuma a can narkewar kayan a hankali ita ce abin da ake so, don ƙashin mutum ya maye gurbinsa.

Idan za ka sake gwajinka, ka bar garin alli ka koma yumɓu mai fallaye, ka sa ma'adinin ya fi folimar yawa, ka busar a hankali a inuwa tsakanin takardu biyu da nauyi a kai don kada ya nannaɗe. Ka yanka shi gida biyu, ka auna rabi a busasshen wuri, ɗaya rabin ka bar shi kwana biyu a rufaffen mazubi tare da kofin ruwa kafin ka auna, ka rubuta danshin ɗakin kowane lokaci, don sakamakon hunturu da na watan Agusta ba za su zo ɗaya ba. Sannan ka nemi a duba maka bakin karayar da madubin lantarki. Idan ka ga fallaye sun zaro kai sahu-sahu, jerin ya samu. Idan ka ga fuska mai santsi ko dunƙule-dunƙule da ramuka, ka koma kan damun yumɓun, don galibi a nan abin yake lalacewa.